Hakin da Ka Raina: Yadda Ƙungiyar Hakeem Olajuwon Ta Rasa Kofi a 1983

 

Kowa a makarantar nan ya san abin da ya faru a zangon da ya wuce. 'Yan ƙwallonmu sun kai wasan ƙarshe, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka je bugun fenareti, aka cinye mu. Tun daga ranar ake tsokanar ɗan'uwanmu da ya ɓarar da bugun ƙarshe. Har suna wasu suka laƙaba masa. Yanzu ko filin ba ya leƙawa, ana tashi sai ya rataya jakarsa ya wuce gida. Mu ma 'yan ƙungiyar jarida ba za mu wanke kanmu ba, domin akwai waɗanda suka yi dariya a cikinmu.

Wata rana malamin wasanni ya ji muna gardama a kan maganar. Sai ya kira mu gindin dogonyaro, ya nuna mana wani tsohon wasa a wayarsa. Ba ƙwallon ƙafa ba ce, ƙwallon kwando ce ta ɗaliban jami'a a Amurka, a shekarar 1983. Da muka gama kallo sai ya ce mu je mu bi labarin, mu rubuta wa makaranta abin da muka fahimta. Ga shi mun kawo muku.

Yadda ake wasan

Da yawa daga cikinmu a nan Zugu ba mu taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Mun fi sanin ƙwallon ƙafa da langa da kokawa. Don haka bari mu fara da bayanin wasan a taƙaice.

Wani malami mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1891. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 5 a fili. Akwai zobe mai raga a kowane ƙarshen fili, an kafa shi a sama ƙafa 10 daga ƙasa, wato mita 3 da ɗan ɗoriya. Wanda ya jefa ƙwallo ta shiga zoben yawanci maki 2 yake ci. A wasan jami'o'in maza ana yin minti 20, a huta, a sake yin minti 20. Ɗan wasan da ya yi keta sau 5 ya fita ke nan, ba zai dawo ba.

Akwai hanyoyin cin maki guda biyu da muke so ku riƙe, don a kansu labarin yake. Ta farko ita ce mutum ya yi tsalle har hannunsa ya wuce zobe, ya danna ƙwallon ciki da ƙarfi. Turawa suna ce mata donk, mu za mu kira ta dankarawa. Ita ce take tayar da 'yan kallo tsaye. Ta biyu ita ce jifan kyauta. Idan aka yi wa mutum keta, alƙalin wasa yakan tsayar da shi a kan wani layi mai nisan ƙafa 15 daga allon kwando, ya jefa ba mai tare shi. Kowane jifa maki 1 ne kacal. Shi ne ɗan'uwan fenareti. Ba ya burge kowa, kuma ba mai tafa wa wanda ya tsaya shi kaɗai da yamma yana koyonsa.

Yaron Legas da ya fara a Sakkwato

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963. Yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma yana buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 kafin ya fara ƙwallon kwando. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wurin da ya fara shiga gasa. Makarantarsu ta horon malamai ta Musulmi da ke Legas ta je bikin wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato. Shi ƙwallon hannu ta kai shi, sai aka ga tsawonsa aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. A lokacin Gummi da Anka da Bukkuyum duk a cikin Jihar Sakkwato suke, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Ashe a babban birnin jihar iyayenmu ta wancan lokaci abin ya soma.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston da ke Jihar Texas. Ba wanda ya je tarbarsa a filin jirgi, tasi ya shiga ya kai kansa makarantar. Shekararsa ta farko bai buga wa jami'ar wasa ko ɗaya ba. A ta biyu yawanci daga benci yake shigowa. Da aka yi dogon hutu a 1982 sai ya riƙa zuwa wani zauren wasa a Houston yana karawa da Moses Malone, wanda ƙwararre ne a babbar gasar NBA. Malone ya fi shi ƙarfi da wayo, yana ture shi yana cin maki a kansa. Hakeem bai daina zuwa ba. Da aka dawo hutu sai aka ga kamar an canza shi. A wancan lokaci Akeem ake rubuta sunansa, sai a 1991 ya gyara shi ya koma Hakeem.

Kakar 1982 zuwa 1983

Kocin jami'ar shi ne Guy Lewis, dattijo mai riƙe da tawul mai ɗigo-ɗigon ja a duk wasa. Yana son dankarawa ƙwarai, don a ganinsa ita ce jifan da ya fi wuyar kuskurewa. Ya kuma samu yaran da suka iya ta. Akwai Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux da Benny Anders, ga Hakeem a tsakiya, dogo mai kusan ƙafa 7. Akwai kuma wani sabon ɗalibi ɗan aji ɗaya mai suna Alvin Franklin. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Salon wasansu gudu ne. Hakeem ya kaɗe jifan abokan karawa ko ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya miƙa, sauran su zura da gudu su dankara kafin a farga. Wani ɗan jarida mai suna Thomas Bonk ya sa musu suna Phi Slama Jama. Ya kwaikwayi irin sunayen ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'in Amurka ne, ya haɗa da kalmomin da ake kiran dankarawa da su. Sunan ya bi su, har aka riƙa buga shi a riguna.

A watan Disamba na 1982 an cinye su sau biyu. Jami'ar Syracuse ta doke su, sannan Jami'ar Virginia ta doke su a wani wasa da aka je aka buga a Tokyo, babban birnin Japan. Daga nan ba su sake faɗuwa ba har wasa 26 a jere. A rukuninsu na jami'o'in kudu maso yamma sun buga wasa 16, sun cinye duka. Aka ɗora su a matsayi na ɗaya a duk ƙasar. Hakeem yana cin kusan maki 14 a kowane wasa, yana cafke ƙwallo 11, yana kaɗe jifa 5.

Amma akwai rauni guda da kowa ya sani. A jifan kyauta, cikin kowane 10 kusan 6 kawai suke zurawa. Ga manyan ƙungiyoyi wannan kaɗan ne. Sai dai da yake suna cinye mutane da tazara mai yawa, abin bai dame su ba. Wanda ya ci da maki 20, ina ruwansa da maki 3 da ya zubar a layi?

Gasar ƙasa

A watan Maris ake fara babbar gasar jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA take shiryawa. A 1983 jami'o'i 52 ne suka shiga. Dokar ita ce, an cinye ka sau ɗaya ka koma gida. Houston ta doke Maryland da 60 da 50, ta doke Memphis State da 70 da 63, ta doke Villanova da 89 da 71. Ta shiga cikin huɗun ƙarshe.

An buga wasannin ƙarshe a birnin Albuquerque na Jihar New Mexico. Sunan ya ba mu wahala, ana furta shi kamar Albakarki. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,500 daga matakin teku, ya fi Jos ma tsawo. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, mai gudu yakan yi saurin haki.

Ranar 2 ga Afrilu suka kara da Jami'ar Louisville, wadda ita ce ta biyu a ƙasar, kuma su ma gwanayen tsalle ne. Houston ta ci 94 da 81, ta dankara fiye da sau 10. Hakeem ya ci maki 21, ya cafke ƙwallo 22. Mutane da yawa suka ce ai wannan shi ne wasan ƙarshe na gaskiya, wanda ya rage cika ƙa'ida ne kawai.

Dalilinsu shi ne abokan karawar da suka rage. Jami'ar North Carolina State an riga an cinye ta sau 10 a kakar. Ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta, Dereck Whittenburg, ya karye a ƙafa a watan Janairu, ya daɗe bai buga ba. Da ƙyar suka samu shiga gasar, kuma da ƙyar suke tsallake wasanninsu. Wasansu na farko sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu. Amma ita ce ta fitar da Virginia da maki 1 tak, wato ƙungiyar da ta doke Houston a Tokyo. Kocinsu Jim Valvano yana da wata dabara. Idan ana gaba da su kuma lokaci ya kusa ƙarewa, sai ya sa yaransa su yi keta da gangan, a tura abokan karawa layin jifan kyauta. Idan suka kuskure, ƙwallo ta dawo hannunsu.

Daren 4 ga Afrilu, 1983

Tun farkon wasa abubuwa ba su tafi yadda Houston ta saba ba. 'Yan North Carolina State suka cunkushe gindin kwando, suka hana gudu. Drexler ya yi keta sau 4 tun kafin hutun rabin lokaci, saura ɗaya ya fita, don haka dole ya riƙa wasa da tsoro. Maki 4 kawai ya ci a daren. Aka tafi hutu North Carolina State tana da 33, Houston tana da 25.

Da aka dawo sai Houston ta farka. Ta ci maki 17, abokan karawarta suka ci 2 kacal. Allo ya koma 42 da 35. A nan ne Guy Lewis ya ba da umarnin a rage gudu, a riƙa juya ƙwallo ana cin lokaci. A wancan zamani babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa cikin 'yan daƙiƙoƙi a wannan gasa, kana iya riƙe ƙwallo yadda ka ga dama. Hakeem kuwa ya gaji, har sai da aka sa masa abin shaƙar iska a benci.

Rage gudun ya ba North Carolina State damar numfasawa. Whittenburg da Sidney Lowe suka riƙa jefawa daga nesa tana shiga. Sannan Valvano ya fito da dabararsa ta keta. 'Yan Houston suka riƙa zuwa layi suna kuskurewa. Aka zo 52 da 52.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi aka yi wa Alvin Franklin keta da gangan. Shi suka zaɓa, sabon ɗalibin nan. Dokar irin wannan jifa ita ce, idan ka zura na farko a ba ka na biyu, idan ka kuskure shi ke nan. Ya tsaya a layi, dubban mutane suna ihu. Ya jefa, ba ta shiga ba.

North Carolina State ta karɓi ƙwallo ta riƙe, tana jiran daƙiƙar ƙarshe. Saura kaɗan Benny Anders ya ƙwace ta, har ya taɓa ta da hannu. Whittenburg ya tsince ta, ya wurga daga nesa, wajen ƙafa 30. Jifan bai kai zobe ba. A daidai lokacin Hakeem ya ɗan matsa daga gindin kwando. Sai wani mai suna Lorenzo Charles ya yi tsalle ya cafke ta a iska ya dankara. Lokaci ya ƙare. 54 da 52. Ƙungiyar da aka sani da dankarawa, da dankarawa aka cinye ta. A bidiyon mun ga Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma, 'yan Houston kuwa wasu sun zube ƙasa suna kuka.

Hakeem ya ci maki 20, ya cafke ƙwallo 18 a daren. Aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da cewa ƙungiyarsa ce ta faɗi. Houston ta gama kakar da nasara 31 da faɗuwa 3, ba kofi.

Laifin wa?

A nan muka yi gardama sosai a taronmu. Wasu suka ce laifin koci ne da ya hana yara gudu alhali da gudu suka saba ci. Wasu suka kare shi, suka ce ya ga Hakeem yana haki kuma Drexler yana da keta 4, me zai yi? Wasu suka ce Hakeem ne bai tsaya a gindin kwando ba. Mafi yawa kuwa da farko Franklin suka nuna.

Sai wata 'yar ajinmu ta ce a yi lissafi. A daren an ba Houston jifan kyauta 19, ta zura 10. Ke nan ta zubar da 9. Da maki nawa aka cinye ta? Da 2. Franklin bai zubar da 9 shi kaɗai ba, yayyensa a ƙungiyar ma sun zubar. Nasa ya zo a ƙarshe ne, shi ya sa ake tunawa da shi. Kuma ba ranar aka fara kuskuren ba, tun farkon kaka ake yin sa, nasara ce ta rufe shi. Valvano ya ga raunin daga nesa, ya jira ranar da zai yi masa amfani. Hausawa suka ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da muka ji haka sai muka juyo kan namu wasan. Mun tambayi 'yan ƙwallonmu sau nawa suka koyi bugun fenareti kafin gasar. Suka ce ba su taɓa ware masa lokaci ba. Kowa yanka yake so ya koya, da ɗaga ƙwallo ta bayan kai irin na 'yan gidan kallo. Mun kuma tuna cewa a bugu 5 da muka yi ranar, 3 muka ɓarar, ba 1 ba. Biyun farko manyan aji ne suka buga su, ba mai tsokanarsu. Kafin nan ma mun samu fenareti a cikin wasa muka buga waje. Wanda ake yi wa dariya shi ne ƙarami a cikinsu, kuma ya karɓi bugun ne bayan wasu manya sun noƙe.

Bayan faɗuwa

Drexler ya bar jami'a ya shiga NBA a 1983. Hakeem ya tsaya, ya sake kai Houston wasan ƙarshe a 1984, aka sake cinye su, wannan karon Jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing, da 84 da 75. Ya bar jami'a ba tare da kofin ba. A 1984 shi aka fara zaɓa a cikin sababbin 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na 3. Sai bayan shekara 10, a 1994, ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets, kuma ƙungiyar Ewing ya doke. A 1995 Drexler ya dawo Houston suka ci kofin tare. A NBA Hakeem ya gyara jifansa na kyauta, ya koma yana zura 7 cikin 10. Yana buga wasa da azumi a bakinsa a watan Ramadan. Har yau shi ne yake riƙe da tarihin kaɗe jifa a NBA, sau 3,830. Da ya daina zuwa fili bayan daren Albakarki, da duk wannan bai faru ba.

Kada kuma mu ɗauka wasan na mutanen nesa ne. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, kuma yana ɗan shekara 13 kamar mu ya fara ƙwallon kwando a can. Shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

Roƙonmu

Muna da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan ƙwallonmu: bayan kowane atisaye, kowa ya buga fenareti 10 kafin a tashi, a rubuta a littafi nawa ya ci. Mu 'yan ƙungiyar jarida mun ɗauki nauyin riƙe littafin, kuma za mu riƙa liƙa sakamakon a wannan allo duk ranar Juma'a.

Na biyu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai: muna roƙon a kafa mana zobe ko guda ɗaya ne. Mai walda zai iya lanƙwasa rodi ya yi shi, a samu katako da turken ƙarfe, a auna ƙafa 10. Akwai dogayen yara a makarantar nan, maza da mata, da ba su taɓa gwadawa ba.

Na uku ga dukkanmu: a daina kiran ɗan'uwanmu da sunan nan. Mu da muka yi dariya mun je mun ba shi haƙuri, kuma mun karanta masa wannan rubutu kafin mu liƙa shi. Ya ce zai yi tunani. Ranar Laraba bayan la'asar akwai atisaye, muna fatan ganinsa a fili, kuma sunansa muka fara rubutawa a littafin.

Wanda yake da ra'ayi a kan ko laifin koci ne ko na 'yan wasa, ya rubuto ya saka a akwatinmu da ke ƙofar ofishin malamai. Za mu liƙa waɗanda suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, in Allah ya so.

Wassalam.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.